Dutsen Taimamar Iya

Ranar wata Laraba ce, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, an gama yankan hatsi har an fara sakin dabbobi cikin gonaki. Malaminmu ya rufe aji tun hantsi, ya jera mu biyu-biyu, ya kora mu zuwa kwazazzabon da ke gabas da ƙauyenmu, can gefen Dogarawa, wai mu je mu ga aikin baƙin da suka zo daga Yamai. Mun yi kwanaki muna ganin motarsu tana wucewa da jarkokin ruwa a bisa, kowa da abin da yake faɗa. Wasu sun ce zinariya suke nema, wasu sun ce rijiya za a gina mana. Da muka leƙa daga bakin gaɓa, sai ga manyan mutane da gemunsu, kwance rub da ciki a cikin farar ƙasa, kowa riƙe da burushin goge baki, suna goge wa dutse haƙora. Dariya ta ƙwace mana gaba ɗaya, har malam ya ɗaga bulala. Amma da na kutsa gaba, sai na daina dariya, domin abin da suke gogewa kai ne sosai, da gurbin idanu, da dogon baki siriri kamar muciya, ramukan haƙora jere gefe da gefe. Bakin ya karye a tsakiya, an rasa wani yanki, sannan ya ci gaba. Ni kuwa yankin nan da ya ɓata na san shi kamar yunwar cikina. Kullum ni nake ɗaukar sa in kai wa kakata lokacin sallah.

A gidanmu mata ne ke rayuwa rabin shekara. Da zarar hatsi ya shiga rumbu, Baba yakan ɗaura ƙunshinsa ya tsallaka Nijeriya cin rani, ba mu sake ganin sa sai hadari ya fara haɗuwa. Sai a bar Inna, da ƙannena, da ni, da kakata mahaifiyar Baba wadda muke ce wa Iya. Ni ce babba, saboda haka duk aikin da ke buƙatar ƙafa nawa ne, kuma hakan ya yi mini daidai, don tun ina ƙarama ban iya zama wuri guda ba. Kafin a buga ƙarfen lakwal na je rijiya na dawo, na kora awaki wajen makiyayi, na share tsakar gida ina tsalle. Da mun taso zan ɗauki ƙwarya in tafi wajen Fulanin da ke sauka a gonarmu don taki, in karɓo nono, a hanya in tsaya carafke a gindin kalgo har nonon ya ɗauki zafi. Da yamma ga surfe, ga ɗibar kara, ga gaɗa a dandali da ba a yin ta ba ni. In aka zaunar da ni tsintar wake, ba a jimawa za a tarar da faifan shi kaɗai, kaji sun kewaye shi. Iya takan bi ni da ido ta ce, "Rabi, ƙasa na cizon ki?" Ba ta taɓa kira na da faɗa ba. Ƙawa take ce mini, ni ma in ce mata Ƙawa, in Inna ba ta kusa.

Iya tana da ciwon hannu. Fatar tafukanta takan bushe ta tsage, in ruwa ya taɓa sai tsagar ta buɗe ta yi jini, balle lokacin sanyi. An kai ta likita a Ƙonni, an gwada man shanu da man kaɗe da sassaƙe iri-iri, abin ya ƙi. Daga ƙarshe likita ya ce ta nisanci ruwa, limamin ƙauyenmu ya ce ta riƙa taimama. Rairayi kuwa yana shiga tsagar ya ƙara mata azaba, shi ya sa kakana, kafin rasuwarsa, ya tsinto mata wani dutse a bakin gonarsa inda ruwa ya zaizaye. Tsawonsa ya ɗan fi taƙi, launinsa na zuma, bayansa sumul, gefensa da ramuka a jere da muke cewa ruwa ne ya ci. Yana da tsummansa na musamman da gurbinsa a kan wata randa da ta fashe. Ba mai taɓa shi da hannun miya. Da an kira sallah zan kwance tsumman in ajiye mata shi a gaban tabarma, ta ɗora tafukan nan nata a hankali, ta shafi fuska, ta sake ɗorawa, ta shafi hannuwa. Shekara da shekaru tana haka, har bayan dutsen ya yi ƙyalli. Iya ba ta yi karatu mai zurfi ba, ba ta je Makka ba, ba ta da saniya ko guda. Abin da take taƙama da shi a duniya ɗaya ne. Takan ce, "Ni dai ban san ranad da nib bar sallah ba."

To, a bakin kwazazzabon nan bakina ya riga hankalina. Na ce da ƙarfi sauran bakin yana gidanmu. Shugaban masu aikin, wani dogon Bazabarme da ake ce wa Malam Sumana, ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya sa na sake faɗa. Shi ne ya yi mana bayanin abin da muke gani, da Hausarsa mai ɗan karkata. Ya ce duk ƙasar nan tamu, da tuddanta da fadamunta, a dā ƙarƙashin teku take, tun ba a halicci ɗan Adam ba. Ya ce dabbar nan ba kadan da muka sani ba ce, 'yar uwarsa ce ta nesa da irinta ya ƙare, mai zama a ruwan gishiri, mai kamun kifi da wannan siririn bakin. Abin da ya kawo su shi ne su gane yadda aka yi dangin kada suka koma zaman teku, kuma tsawon bakin yana cikin abin da zai nuna musu. Mu da ko kadan yanzu ba mu taɓa gani ba sai a zanen littafi, kuma ruwan da ya fi girma a saninmu shi ne tabkin damina, muka tsaya muna kallon busassun tuddai muna neman inda kifi zai bi.

Washegari da la'asar ya zo gidanmu tare da malaminmu. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa ya gaida Iya gaisuwa mai tsawo, sannan ya roƙi a nuna masa. Na kawo ina ta rawar ƙafa, a zatona yau gidanmu ya yi suna. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya sa ɗan yatsa cikin ramukan.

Iya ta ce, "Dutsi na. Maigidana yak kawo min shi. Mi kake biɗa gare shi?"

Ya ce, "Iya, wannan bakin dabba ne. Waɗannan ramukan na haƙora ne. Ƙashi ne."

Murna ta hana shi ganin abin da ya faru da fuskarta. Iya ba ta tambayi wace dabba ba, ba ta tambayi teku ba. Ta juya wajen Inna ta ce, "Tun yaushe nike sallah da shi?" Inna ta ce tun Rabi tana goye. Sai Iya ta dube ni daga sama har ƙasa, tana auna tsawona, kuma a take na gane abin da take aunawa. Ko mu yara mun san ana taimama da ƙasa ko dutse, ba a yi da ƙashi. In taimama ba ta yi ba, sallah ba ta yi ba. Duk tsawon da na yi a duniya, tsawon sallolin da take ganin sun zube ke nan.

Tun ranar gidanmu bai sake zama daidai ba. Aka je wajen liman, dattijo mai sanyin magana da ba ya son gaggawa. Ya ce maganar ƙazanta dai a ajiye ta, dabbar ruwa ko ta mutu da kanta ba mushe ba ce. Saura magana guda. "In dutsi na, sallarki ta yi. In ƙashi na, sai mu duba." Aka koma wajen Malam Sumana, wanda ya ji abin da maganarsa ta jawo har ya kasa cin abinci. Ya ce ƙashi ne da ya zama dutse. Iya ta ce ita ba ta son magana biyu, a ba ta guda. Shi kuma mutumin kirki ne da bai iya gyara gaskiya don a ji daɗi ba, ya yi ta juya zancen, ya dawo inda ya fara. Liman ya ce a ba shi lokaci ya duba littattafai, ya kuma aika wa malaminsa tambaya ta hannun masu zuwa kasuwar Ƙonni.

Iya ba ta jira ba. Ta sa aka cika mata faifai da rairayi, ta fara ramuwa. Daga asuba har rana ta ɗaga tana kan tabarma, kowace sallah da taimamarta, in ta huta kaɗan ta koma. Rairayin ya buɗe tsagar hannuwanta, har muka riƙa ganin ɗigon jini a cikin faifan, in zubar in sake ɗebo wani. Furar da nake dama mata takan kwana a ƙwarya. Ta daina ba ƙannena tatsuniya, ta daina tsokana ta. Matan unguwa suka riƙa shigowa, kowace da fatawarta. Wata ta ce Allah ba ya kama wanda bai sani ba, wata ta ce ita tun dā ba ta yarda da ramukan nan ba. A rijiya zancen ke nan, a majalisar maza zancen ke nan, har Bafulatanar da ke ba mu nono ta tambaye ni ko an gano. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina. In ina lakwal hankalina yana gida, in na dawo gida ba na iya kallon faifan, sai in ruga kwazazzabo. A can na ga yadda suke ɗiga wa ƙashin wani ruwa mai danƙo don kada ya ruguje, suna aunawa, suna ɗaukar hoto, suna naɗe sauran ƙasusuwan da tsumma da farin kwaɓi kamar masu ɗorin karaya. Aikin yana burge ni, ina kuma jin haushinsa. Na tsani dabbar nan da ta rasa inda za ta mutu duk faɗin teku sai bakin gonar kakana.

Da amsa ta yi jinkiri, liman ya ce a gwada abin a gaban jama'a. Aka taru a maƙera ranar da ba kasuwa. Mahauci ya kawo ƙashin raƙumi busasshe, Malam Sumana ya kawo wani ɗan ɓallin haƙarƙarin dabbar da ya ce ba zai yi musu amfani ba, maƙeri ya tura su cikin garwashi yana zuga. Ƙashin raƙumi ya yi baƙi, ya yi hayaƙi, ƙaurinsa ya kori na kusa. Ɗayan kuwa ya yi zafi ya tsage, ba hayaƙi ba wari. Malam Sumana ya yi bayani cewa abin da ke sa ƙashi ƙauri ya daɗe da tafiya, ma'adinin ƙasa ne ya yi ta shiga a hankali yana cike wurin. Liman ya gyaɗa kai ya ce abin da ya rikiɗa ya koma dutse hukuncinsa na dutse ne, kamar takin da ya zama ƙasar gona. Sallolin Iya sun yi, ba ramuwa a kanta. Mutane suka watse da hamdala, ni kuma na riga kowa isa gida, ina haki na zayyana mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Ƙawa, ba wuta za ta tambaye ni ba." Ta jawo faifanta.

Ko da liman ya zo da kansa ya maimaita mata, ta yi godiya, ta ce ta ji, bayan fitarsa ta ci gaba. Dutsen kuwa ta ce a kai wa baƙi abinsu, ba ta son sake kwana ɗaki guda da shi. Na kai shi da tsummansa. A gabana Malam Sumana ya ɗora shi a wurin da ya karye, ya zauna daram, sai dai shi yana ƙyalli, sauran bakin ba ya yi. Abokan aikinsa suka yi ta tafawa. Shi bai tafa ba, ya tambaye ni yaya hannun Iya.

Hannun ya kai inda ba ta iya riƙe ludayi, sai Inna ta ba ta a baki. Da Inna ta fashe da kuka wata safiya ta ce za ta aika a kira Baba daga cin rani, Iya ta sassauto kaɗan. Ta yarda ta bar rairayi in an samo mata wani dutse, amma da sharaɗi. Ta ce mini, "Ki biɗo min wanda bai taɓa lumfashi ba." Na fita da ƙarfina, a ganina aiki ne na rabin yini. Na hau tudu na ɗebo jar marmara, ta taɓa ta ce wannan ai ya fi rairayi kaushi, kuma gaskiyarta, ko lafiyayyen hannu yana karcewa. Dutse mai santsi a ƙasarmu fari ne, na gangaren tudu. Na tara masu kyau cikin zanena, na kai wa Malam Sumana ya duba mini, lokacin suna ta ɗaure kaya za su tafi. Ya ɗauki na farko ya tofa masa yawu ya goge, ya miƙo mini gilashin da yake duba ƙananan abubuwa. Sai ga ɓawon katantanwa ƙanana birjik a ciki. Na biyu haka, na uku har da wani mai zanen tauraro. Na zubar na sake tarowa daga wani gefen, na dawo, duk kanwar ja ce. Ya ce in daina wahalar da kaina, farin dutsen ƙasar nan gaba ɗayansa daga ɓawon halittun teku ya taru. Da shi aka yi gindin gidajenmu, da shi aka ɗaure bakin rijiya, shi ake haƙa a Malbaza a yi siminti.

Na dawo gida ƙafafuna sun yi futu-futu, da dutse guda a hannu, wanda ya fi kowane santsi. A hanya na yi ta saƙa abin da zan ce, ban samu ba. Na ajiye mata shi a gaban tabarma. Ta dube shi ba ta taɓa ba, ta ce, "Kin tabbata wanga ba kowa ba na?"

Na ce, "Iya, babu wanda ba kowa ba. Dut farin dutsin ƙasarmu haka shike, na gani da idona."

Can ta ce, "Hal wanda ad ajiye tagar masallaci, da tsohhi ka taimama da shi?"

Na ce har shi.

"Hal na uwata, da tay yi jinya da shi?"

Na ce in dai fari ne, har shi.

Ta daɗe tana kallon dutsen, ni kuma ina jiran ta ce in kwashe shi. Sai na ga kafaɗunta suna motsi. Dariya take yi, marar sauti, irin wadda na yi makonni ban gani ba, hawaye yana bin kuncinta. Ta ce, "Ashe ba ni ɗai za a tambaya ba. Allah ya san ƙasad da ya aje mu bisa." Ta miƙa tafukan nan masu tsaga ta ɗora a kan dutsen, ta shafi fuska, ta yi la'asar guda ɗaya, ta sallame. Sannan ta ce in dama mata fura, kuma kada in cika ruwa yadda na saba.

Na yi shekaru ina jin haushin cewa hujjar liman ba ta kwantar mata da hankali ba, gwajin maƙera bai yi ba, sai wannan. Sai da na girma na gane ba hujja ta rasa ba. Tsoronta shi ne ta tsaya gaban Ubangiji ita kaɗai da kuskuren da ba wanda ya taɓa yin irinsa. Da ta ji uwarta da tsofaffin masallaci duk a layi ɗaya suke da ita, sai ta koma cikinsu ta zauna. Ta rayu shekaru bayan haka, ba ta sake ɗaga zancen ba, sai dai in na kawo mata dutsen takan ce, "Kawo mutanen ruwa mu gaisa."

Yanzu ina zaune a Ƙonni, bayan aikin maigidana ya yi ta yawo da mu gari-gari. Kwazazzabon ya faɗaɗa har ya cinye rabin gonar kakana, lakwal ɗinmu ta zana ta zama ta siminti, limamin da maƙerin duk sun riga mu gidan gaskiya. Ban san inda kan dabbar yake ba, ban kuma san sunan da masana suka ba ta ba. Kwanakin baya 'yata ta nuna mini zanen irinta a waya, tana iyo cikin shuɗin ruwa da dogon bakinta, ta yi mamakin yadda na karɓe wayar na ƙi mayarwa. Yaran yanzu in tambaya ta dame su, kafin shayi ya huce sun sami amsa goma, sun zaɓi wadda ta yi musu, sun wuce. Mu kuwa ƙauye guda ya ɗauki tambayar tsohuwa ɗaya ya yi ta yawo da ita daga rijiya zuwa maƙera, ba wanda ya ce mata ta cika fitina. Ga famfo a tsakar gidana, ga hannuwana lafiya lau, amma sau da yawa sai na sallame nake tuna a raka'a ta nawa hankalina ya tafi kasuwa. Ban sake ganin wanda sallarsa ta dame shi kamar Iya ba, har ni da na ɗauko mata dutsen.